Ga ƙannenmu da suka shigo Yamai karatun kasuwanci da lissafi

Salamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka taso daga Sakkwato, Katsina da Kano bana, sannunku da zuwa. Na ga da yawanku kun damu da Faransanci, to wallahi Faransancin zai zo da kansa in kuna shiga mutane, abin da na ga ya fi kayar da yaranmu a jarabawa shi ne su zauna warware tambaya da kan da suka taho da shi daga gida, alhali dokar nan daban ce.

Nijar tana cikin OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, ƙasashe 17 ne suke bin dokar kasuwanci iri ɗaya, Najeriya kuma ba ta ciki. Shi ya sa a kontabilite, wato lissafin kuɗin kasuwanci, a nan tsarin OHADA mai suna SYSCOHADA ake bi, wanda aka sabunta ya fara aiki Janairun 2018, kuma kowane asusu da lambarsa, ba kamar gida ba da za ka rubuta sunan asusu kawai ka wuce. An kasa asusun aji-aji, aji na 6 kuɗin da aka kashe, aji na 7 abin da ya shigo, 411 masu sayen kaya, 401 masu kawo kaya, 521 banki, 571 kuɗin hannu, 601 sayen haja, 701 sayar da ita. Ku sayi ɗan littafin lambobin nan tun satin farko ku riƙa yawo da shi a aljihu, in ka san debi da kiredi (debit da credit da kuka sani a gida) amma lamba ta kuɓuce maka maki zai zube.

Sai TVA, wato harajin VAT da ake ɗorawa kan farashin kaya. A gida 7.5 kuka sani, nan 19 ne cikin ɗari. Misali ka sayar da kaya na sefa 100 000 bashi, haraji 19 000, mai saye zai biya 119 000, sai ka yi debi 411 da 119 000, kiredi 701 da 100 000, kiredi 443, asusun TVA, da 19 000. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne in an ba ka jimillar da haraji a ciki aka ce fito da asalin farashi, sai yaro ya cire 19 cikin ɗari daga 119 000 ya samu 96 390, kuskure ne, raba za ka yi da 1,19. Kun ga waƙafin nan da na sa? A nan shi ne ɗigo, dubbai kuma fili ake bari, na taɓa ganin wata ƙanwarmu ta yi aiki mai kyau daga farko har ƙarshe wannan kaɗai ya rikita mata amsa, abin ya yi min ciwo sosai.

Dokar kwantaragi ita ce ta fi buƙatar ku sauya kai. Can gida tsarin Ingila aka koya muku, tayi, amincewa, sannan dole kowane ɓangare ya ba da wani abu a madadin. Nan gadon Faransa ne, sharuɗɗa huɗu ake dubawa, yardar ɓangarorin, cancantarsu a idon doka, abin da aka ƙulla a kai ya zama sananne, da dalili halastacce. In aka ba ku labarin Alhaji wane ya sayar wa wane da mota, kar ku zuba surutu, malamai suna son tsari, ka taƙaita abin da ya faru, ka fito da tambayar shari'a, ka kawo ayar doka da lambarta, sannan ka ɗora ta kan labarin. Maki kuma bisa 20 ne, wanda ya ci 12 kada ya karaya, ya yi ƙoƙari.

A darasin tattalin arziki ku tuna sefa a ɗaure take da yuro, 655,957 kowane yuro ɗaya, babban bankin BCEAO kuma yana Dakar, saboda haka amsar da za ka bayar kan naira ba za ta zauna a nan ba.

Kafin na manta, kasuwa. In mai tebur a Wadata ko Katako ya ce dala ashirin sefa 100 yake nufi, dala ɗari 500, jika kuma 1000, in an ce dala ku ninka da biyar kafin ku miƙa kuɗi. Wanda takardar TD, wato tambayoyin gwaji da malamai ke bayarwa, ta ɗaure wa kai ya zo da ita fada, majalisar da muke zaman hira, bayan la'asar mu duba tare, akwai shayi.