In Kaya Suka Maƙale A Hanya: Yadda Mai Jari Zai Riƙe Hankalinsa Ya Kuma Karɓi Taimako

Sana'ata albasa ce, a nan Kumasi ta ƙasar Gana, kuma albasa ba ta san uzuri ba. Mai atamfa in kasuwa ta tsaya sai ya ja ƙofar shago ya tafi gida, gobe ya tarar da kayansa yadda ya bar su. Mu kuwa kowace safiya akwai abin da ya ragu a cikin buhu. Shi ya sa in ana maganar yadda mutum zai natsu lokacin da kasuwanci ya shaƙe shi, nake ganin mu 'yan gwari muna da ta cewa. Maganar ta shafi mai shago a Alabar, da tela a Aboabo ana jajibirin Sallah, da mai sayar da waya a Adum, duk a cikin Kumasin nan, amma da albasa zan yi misali don ita na sani.

Ku tuna Agustan 2023. Sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta sa an rufe iyaka, motocin albasa da suka taso daga wajen Galmi, garin albasa a Nijar, suka yi layi a bakin iyakar Benin. Kuɗin mutane na ciki, galibi na bashi, rana kuma na dukan tamfol. Waɗanda suka fita da sauran jari a lokacin ba su fi kowa kuɗi ba. Sun dai san abin da ake yi a yinin farko da abin da ake bari sai gobe.

Abu yakan fara ne da waya. Direba ya kira, ko yaron shago, murya na rawa. Kada ka yi faɗa, kada ka yi alkawari, kada ka tura ko sisi a wannan kiran. Ka tambaye shi inda yake daidai, da abin da jami'ai suka riƙe, takarda ce ko makulli, sannan ka ce ya ɗaga tamfol ya zazzage buhu ɗaya daga tsakiyar mota, ba na sama ba, ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp. Daga nan ka ce masa, "Zan kira ka bayan la'asar," ka kashe. In kana tsaye ka zauna, ka yi alwala, kamar yadda aka koya mana game da fushi. Ka ci abinci ko ba ka jin yunwa. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk shawarar da ta shafi fitar da kuɗi mai yawa sai salla ɗaya ta shiga tsakanina da labarin. Ba wai kayan za su gyaru a cikin awa biyun nan ba ne. Kai ne za ka dawo hayyacinka, ka kuma samu lokacin kiran wani direban da ke layi ɗaya da naka ka ji ko labarin ɗaya ne. Masu damfarar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, su ma irin wannan lokacin suke jira, mutum ya rikice a ce masa ya karanto lamba ko ya danna wani abu a gaggauce.

Abin da ya faru da sidi, kuɗin Gana, a 2022 ya isa darasi. A farkon shekara dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin Nuwamba ta haura 13, tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Mu da muke saye da sefa mu sayar da sidi, kowace safiya sabon lissafi. Mutane da yawa suka tsorata suka kwashe duk abin da ke hannunsu suka canza a kan kowane farashi, wai kada gobe ta fi yau muni. Sai ga shi a tsakiyar Disamba, da aka ji gwamnati ta daidaita da asusun ba da lamuni na duniya, IMF, dala ta sauko ƙasa da 10 cikin 'yan kwanaki. Babu wanda ya san haka za ta faru. Amma wanda ya canza daidai kuɗin motar da zai biya a makon ya bar sauran, asararsa ba ta kai ta wanda ya juye komai a dare ɗaya ba.

Bayan ka natsu, ɗauki biro da takarda ka ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya ka rubuta abin da zai lalace in bai samu hannu yau ba: kayan da ke ruɓewa, kuɗin abincin direba da yaron mota, ladan 'yan dako. Ɗaya gefen ka rubuta abin da ke da ciwo amma zai iya kwana: bashin maigidanka, kuɗin haya, zubin adashi, kuɗin makarantar yara. Za ka ga gefen farko gajere ne. Abin da ke hana mutum barci shi ne komai ya taru masa a ka wuri ɗaya, ya ɗauka duk yau ake nemansa.

To, mota ta iso a makare, an sauke, wari ya fara tashi. Nan ne girman kai yake cin jarin mutane. Mutum ya ƙi yarda maƙwabtan rumfa su ga halin da kayansa ke ciki, ya ce shi da yaransa biyu za su tsince buhu ɗari biyu. Ba za su iya ba, kuma a damina a Kumasi, da iska ke ɗauke da raɓa, albasa ɗaya da ta yi ruwa kan jiƙa na kusa da ita kafin gari ya waye. In maƙwabcinka ya ce, "Alhaji, in turo maka yarana?" ka ce, "Turo su, Allah Ya saka da alheri," shi ke nan. Kada ka tsaya cewa ai ba komai.

Amma karɓar hannu yana da tsari, in ba haka ba mutum goma za su taru suna tuntuɓe da juna. Ka shimfiɗa buhunan banza a inuwa, inda iska ke ratsawa, ba a ƙarƙashin leda ba. Mutum biyu su riƙa farke buhu suna zazzagewa. Waɗanda suka san albasa su zauna tsinta: a danna wuyanta da babban yatsa, in ya yi tauri ya bushe a jefa dama, in ya lotsa ko ɓawon ya yi santsi a jefa hagu, wadda ta narke a kwashe da shebur a fitar da ita nesa tun kafin ƙuda su taru. Ta hagun nan ba shara ba ce. A ɓare mata riga ɗaya ko biyu, a yanke inda ya taɓu, a ranar a kai wa masu dafa waakye (shinkafa da wake) da masu soya shito (miyar barkono) a Asawase da Aboabo, su da za su niƙa ta ko su yanka ta a daren. Ka karya musu farashi ba tare da dogon ciniki ba, ka sa aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ta kai musu har ƙofa. Kai kuma maigida kada ka tsuguna cikin masu tsinta. Aikinka shi ne ka tsaya da littafi kana ƙirga abin da ya fita, kana amsa waya, kana tabbatar da an sayo wa mutane ruwa da abinci.

Wanda kake bin sa da wanda ke bin ka, duk ka riga labari isa wurinsu. A Zango magana ba ta kwana. Kafin isha'i an san motar wa ta lalace. In maigidanka da ya ba ka kaya bashi yana gari, ka taka ka je da ƙafarka, kada ka aika yaro. Bayan gaisuwa ka ce, "Alhaji, ban zo da kuɗi ba, na zo ne ka ji daga bakina. Buhu kaza aka sauke, kaza suka tsira. Abin da zan iya kawowa ranar Juma'a kaza ne, sauran ina neman ka ɗaga mini zuwa mota ta gaba." Ka faɗi adadin da ka tabbata za ka iya, ka ma rage kaɗan. Sau da yawa amsar da za ka ji ita ce, "Allah Ya mayar da alheri, je ka ka kawo abin da ya samu." Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shi ma ya san ayar da ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Abin da ba ya yafewa shi ne ya kira ka sau biyar waya na ƙara ba ka ɗauka ba. Haka ma Maame, 'yar kasuwar da ta ba ka kuɗin buhu biyar tun makon jiya: ka je rumfarta ka ba ta zaɓi, ko ta karɓi kuɗinta yau, ko ta jira, ko ka samo mata albasar Bawku ta arewacin Gana a wurin wani ka cika mata bambancin. Yawanci takan jira, don an girmama ta da tambaya.

Yanzu maganar da ta fi ɓata zumunci. In wani ya miƙo maka kuɗi a cikin wannan hali, kafin ka sa a aljihu ka tambaye shi cikin ladabi: "Yaya, wannan rance ne, ko gudummawa ce, ko jari kake sawa?" Na san tambayar tana da nauyi a baki, musamman ga yayanka ko surukinka. Amma na ga 'yan uwa da suka daina gaisawa saboda ɗaya ya ɗauka ya taimaka ne a mayar masa bayan Sallah, ɗayan kuma ya ɗauka kyauta ce, ko kuma bayan shekara mai kuɗin ya zo yana neman kasonsa na riba. In rance ne a rubuta, da ranar biya, da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka babu wanda zai ce ka raina shi. In jari ne, a kira sarkin albasa ko wani dattijon layi a yanke kason kowa da wanda zai ɗauki asara in ta sake zuwa. In kuma gudummawa ce daga 'yan adashi da suka ce a ba ka kwasar wannan makon a madadin wani, ko ma zakka ce, ka karɓa. Wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka, ko da jiya shi ke fitarwa.

Akwai taimakon da ake ƙi. Mai ba da kuɗi da ruwa wanda ya ji labarinka ya biyo ka har rumfa, da rancen waya da ke shigowa cikin minti biyu, da wanda ya ce ka kawo takardar gida jingina don a ceto mota ɗaya. A 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a lokaci guda, saboda haka ofis mai allo da na'urar sanyaya ɗaki ba shaida ba ce. Ka kuma yi hattara da mai saye da ya zo da fuskar tausayi yana so ya kwashe har mai kyau a farashin ruɓaɓɓiya.

A gida kada ka yi shiru. Uwargida ta riga ta gani a fuskarka, kuma in ba ka faɗa mata ba za ta ci gaba da cefane yadda ta saba, kai kana ƙuna a zuci. Ka gaya mata adadin, ka gaya mata tsawon lokacin da kake ganin za a ɗaure ciki. Matan da ke zubi a wurin mai susu, mai karɓar ajiyar kuɗi, sukan fito da abin da ba ka zata ba. Ɗanka ko ƙanenka da ya iya waya, ba shi littafin bashi ya ɗauki hoton kowane shafi ya adana. Bayan gobarar kasuwar Kejetia a Maris 2023 da ta Adum a Maris 2025, mutane sun rasa kaya, sun kuma rasa littafin da ke nuna wa suke bi. In kanka na sarawa ko ƙeya ta yi nauyi, ka tsaya kemis a auna maka jini, in ya hau ka wuce asibiti, kada ka ce sai an gama tsinta.

Daga ƙarshe ka zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe wayar kasuwa daga isha'i zuwa asuba a kwanakin nan. Ka faɗa masa abin da zai iya yankewa da kansa, misali ragin da bai wuce kaza a buhu ba, da abin da dole sai ya tashe ka, kamar maganar jami'ai ko haɗari a hanya. Yaran maƙwabta da suka taya ka tsinta kuma ka sallame su a ranar, ko maigidansu ya ce a bari. In babu kuɗi a hannu, ka auna wa kowa albasa mai kyau ya kai gida.