Yadda ake shuka sukuma wiki a bayan gida

Sukuma wiki ɗan uwan kabeji ne, sai dai shi baya naɗe kai, ganye kawai yake ta fitarwa, kana tsinka yana sake toho. A Kenya da Tanzaniya da shi ake cin ugali, tuwon masararsu kenan. To abin da ya kamata ka fara sani shi ne ganyen nan sanyi yake so, a nan arewa in ba Jos kake ba ka bari sai damina ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ya ci hunturu yana girma. In ka kai shi zafin Maris da Afrilu ganyen tauri zai yi ga ɗaci.

Da farko sai ka yafa irin a wani ɗan wuri mai laushin ƙasa, ko cikin tsohuwar roba da ka huda ƙasanta, kada zurfin ya wuce santimita 1 don irin ƙanana ne sosai. Kana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan sati 4 zuwa 6, in ya yi ganye huɗu ko biyar, sai dashe, kuma da yamma ake yi rana ta yi sanyi.

Wurin dashen ya zama yana samun rana, ka cakuɗa ƙasar da takin shanu ko kashin kaji wanda ya riga ya ruɓe, ɗanye kam ƙona saiwar zai yi. Tsakanin wannan da wancan ka bar kamar santimita 45 zuwa 60, mutane na ganin ɓarnar fili ce, sai su cunkusa, ƙarshe ganyen ya fito 'yan mitsi-mitsi. Wanda tsakar gidansa siminti ne ya cika buhu da ƙasa ya huda gindin, shi ma yana yi.

Matsalarsa tsutsa ce da ƙananan kwarin da ke maƙalewa a bayan ganye, don haka ka riƙa ɗaga ganyen kana dubawa, ka cire da hannu, ko ka daka ganyen darbejiya ka jiƙa ya kwana ka tace ka fesa. Kaji da awaki kuwa sai dai shinge.

Wajen wata biyu da dashe za ka fara tsinka. Daga ƙasa ake ɗauka, manyan ganyen, a bar na tsakiya da ke sama don daga nan yake ci gaba. In za a dafa a zare jijiyar tsakiyar a yanka siriri, a soya da albasa da tumatir da attaruhu, ko a zuba a miya yadda ake yi da alayyahu, amma a ɗan ƙara masa lokaci a wuta don ya fi alayyahu ƙarfi.