Kurakuran da baƙi ke yi a ziyarar yini ɗaya zuwa Altos de Chavón

Duk wanda ya je hutu Punta Kana ko Bayahibe a Jamhuriyar Dominika, kafin ya kwana biyu masu tallar yawon buɗe ido za su miƙo masa takarda mai hoton wani ƙauyen dutse a kan tsauni, da kogi kore shar yana gudana a ƙarƙashinsa. Wannan shi ne Altos de Chavón, kusa da garin La Romana. Wuri ne da ya cancanci a je. Sai dai baƙi da yawa suna komawa masauki da gajiya da ƙorafi, wasu kuma da labarin da ba haka yake ba, kuma kusan kullum dalilan iri ɗaya ne.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar ƙauyen a matsayin tsohon gari. Ka ga bango ya yi baƙi, ƙofofin katako sun ci ƙarfe, fitilu irin na da, sai ka ɗauka Turawan Sifaniya ne suka gina shi shekara ɗari biyar da suka wuce. Ba haka ba ne. A 1976 aka fara aikin, aka kammala a farkon shekarun 1980. Charles Bluhdorn, shugaban kamfanin Gulf+Western na Amurka, shi ya zuba kuɗin, kuma kamfaninsa ne ke da masana'antar sukari ta La Romana a lokacin. Wani ɗan Italiya mai suna Roberto Coppa, wanda sana'arsa shirya wuraren ɗaukar fim ce, shi ya tsara kamannin wurin tare da José Antonio Caro, masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar. Abin da suka kwaikwaya ma ba ƙauyen Karibiyan ba ne, ƙauyen bakin tekun Bahar Rum ne na ƙarni na 16. Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka sake gina ganuwar Kano da masallacin Zariya, zai gane abin da nake nufi, illa dai na Jos sun kwaikwayi gine-ginen da ake da su a ƙasar, wannan kuwa daga ƙetare aka ɗauko shi.

Sanin haka ba ya rage wa wurin komai. Ni a ganina ƙara masa daraja yake yi, domin idan ka daina neman tarihin da babu, sai idonka ya koma kan abin da yake akwai: aikin hannun magina da maƙera da kafintocin Dominika waɗanda suka sassaƙa dutsen, suka ƙera ƙarfen, suka jera tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsaya ka dubi yadda aka haɗa bakin taga, ka dubi ƙyauren ƙofa. Wanda kuma tsohon gini na gaskiya yake so, Santo Domingo zai nufa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Can ne tsohuwar unguwar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1990, da babbar majami'ar da aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16. Wannan tafiyar ranarta daban, kada a cusa ta cikin wannan.

Daga wancan kuskuren ne na biyu yake fitowa, kuma shi ya fi damuna. Mutane kan yi hoto a bakin cocin St. Stanislaus, su yi a dandalin wasannin dutse mai ɗaukar mutum 5,000 da aka buɗe a 1982, su leƙa kogin, su koma mota. Sun wuce ƙofar gidan adana kayan tarihi ba su shiga ba, alhali a cikinsa ne kaɗai tsoffin kaya na ainihi suke. Akwai kaya fiye da 3,000 na mutanen da suka zauna tsibirin da ƙasar take a kai kafin zuwan Kolumbus a 1492, musamman ƙabilar Taino: tukwane, gatarin dutse, duwatsun wuya, sassaƙen abin bautarsu. Cuta da aikin tilas sun kusa ƙarar da su cikin shekaru kaɗan bayan zuwan Turawa, daga nan aka shiga kawo bayi daga Afirka don noman rake. A ƙarshen 1521 wasu bayi 'yan ƙabilar Wolof suka yi tawaye a gonar raken Diego, ɗan Kolumbus, kusa da Santo Domingo, kuma ana lissafa shi cikin tawayen bayi na farko-farko a nahiyar Amurka. Gonakin raken da za ka ratsa a hanyarka ta zuwa ƙauyen ci gaban wannan labarin ne, kuma har yau yawancin masu saran raken 'yan asalin Haiti ne da ke zaune a ƙananan unguwannin ma'aikata da ake kira batey. Ka ba gidan tarihin aƙalla minti arba'in. Ka tambayi ɗan jagoranku game da raken ma, yawancinsu suna da abin faɗa idan aka tambaye su.

Sai maganar lokaci. Tikitin da ya fi arha shi ne wanda ya haɗa ƙauyen da tsibirin Saona a rana guda. A irin wannan tafiya ƙauyen zango ne kawai: a sauke ku, a zaga da ku cikin sauri, a kira ku mota saboda jirgin ruwa yana jira a Bayahibe. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa minti nawa za a yi a cikin ƙauyen, kuma ya rubuta maka. In bai kai awa biyu ba, gara ka ɗauki shatar mota ka je da kanka, daga Punta Kana kusan awa ɗaya ce a kan babbar hanya. Ka isa da hantsi kafin manyan motoci su cika wurin, ko kuwa bayan La'asar lokacin da rana ta yi sanyi. Tsakar rana dutsen yana ɗaukar zafi, inuwa kuma kaɗan ce, ga gumin da iskar bakin teku ke sawa wanda ya bambanta da busasshen zafin da muka saba da shi. A duba kuma ko akwai wasan kiɗa a dandalin ranar, domin yakan canja tsarin shiga.

Takalmi: daɓen ƙauyen tsakuwa ce da dutse marasa daidai, ga matakala. Silifas ɗin bakin ruwa da takalmi mai tsini duk wahala ne, keken jariri ma haka. A sa takalmi mai kama ƙafa, a ɗauki ruwa da hula.

Mutane kan manta cewa ƙauyen yana cikin harabar Casa de Campo, wurin shaƙatawa mai zaman kansa. Wanda ba a can ya sauka ba, kuɗin shiga zai biya, don haka a tabbatar ko yana cikin kuɗin da aka ba kamfanin yawon. A gidajen abinci kuma farashin da ke rubuce sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba, ana ƙara harajin kashi 18 cikin ɗari da kashi 10 na hidima. Masu rawa da sauran waɗanda ake hoto da su suna sa ran tukuici, a yi magana kafin a ɗauka, kuma a riƙe ƙananan kuɗi na peso.

Ga Musulmi akwai abin lura a abinci. Naman alade ya ratsa girkin ƙasar sosai, har inda ba a zato. Mofongo, wato dakakken agada, yawanci da soyayyar fatar alade ake haɗa shi, farfesun da suke kira sancocho kuma nama iri-iri ake zubawa. Kifi da shinkafa sun fi sauƙi, a ce wa mai kawo abinci “sin cerdo”, wato ban da alade, a kuma tambayi abin da aka dafa waken da shi. Wanda ya fi yaudarar baƙo shi ne mamajuana. Za ka gan ta a kwalba cike da saiwoyi da ɓawon itace kamar jiƙon maganin gargajiya, a miƙo maka ɗanɗano kyauta ana cewa tana ƙara lafiya. Barasar rake ce da jar giya da zuma. Babu masallaci a ƙauyen, a tafi da sallaya. Alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata arewa.

Wajen tsaraba, abu biyu ake ruɗuwa a kansu. Larimar shuɗin dutse ne da ake haƙowa a yankin Barahona kaɗai, amba kuma ƙaron bishiya ne da ya daskare tsawon miliyoyin shekaru, kuma dukansu ana yin jabunsu da roba ko gilashi. Amba na gaskiya ba shi da nauyi, yana yawo a saman ruwan da aka cika wa gishiri. Farashin shagunan ƙauyen yana da tsada, saboda haka ni shawarata a bar duwatsun sai an je Santo Domingo an kwatanta, a nan kuma a kashe kuɗin a ɗakunan masu saƙa da masu ginin tukwane da masu buga zane, inda za ka ga aikin ana yin sa a gabanka. Tun 1983 akwai makarantar zane da ke ɗauke da sunan wurin, mai alaƙa da makarantar Parsons ta New York, kuma akwai ɗakin baje kolin zane da ya kamata a leƙa.

Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, ruwa kan sauko farat ɗaya, dutsen kuma in ya jiƙe santsi yake yi, musamman matakalar dandalin wasanni. Wanda ya zo da motar shata ya daidaita da direba tun a masauki kan kuɗin zuwa da dawowa da awannin jira, ya karɓi lambarsa, su kuma tsayar da ƙofar da za su haɗu, domin neman wata motar daga cikin harabar da dare ya fi tsada nesa ba kusa ba.