Shawara ga masu kaji da 'yan itatuwa a tsakar gida, zafi ya shigo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, kuma kaza ba ta yin gumi. Idan kin ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, to ta fara galabaita.

Ruwa shi ne kan gaba. Robar da ta sha rana ruwanta dafuwa yake, kaji kuwa ba sa shan ruwa mai zafi sosai. A zuba musu a kaskon ƙasa a inuwa, a sauya da azahar da ruwan randa. Abinci kuma a ba su da sassafe da bayan la'asar, domin narkar da shi ma yana ƙara musu zafin jiki. Akurkin da rufinsa kwano ne, a shimfiɗa zana ko tsohon buhu a sama, a yayyafa ruwa a ƙasa, amma kada ya yi caɓi.

Gwaiba, gwanda da lemun tsami, a ba su ruwa da yamma, a rufe gindinsu da busasshen ganye. Sai dai kaji za su tone shi tas, don haka a kewaye ƙananan itatuwan da raga.

Kashin kaji taki ne mai kyau, amma don Allah kada a zuba ɗanye a gindin gwanda, yana ƙona saiwa. A tara shi gefe ya ruɓe, sai damina ta kusa.