Rabuwa da tsohuwar mota a Ingila: cire sunanka kafin ka miƙa makulli

Motar farko da yawancin mutanenmu ke saya a nan tsohuwa ce, ta fam dubu ɗaya zuwa dubu biyu, don zuwa aikin dare da kai yara makaranta. Takan yi shekara ɗaya ko biyu tana hidima, sai ranar gwajin MOT, wato binciken lafiyar mota na shekara-shekara, bakanike ya ɗaga ta ya ce tsatsa ta cinye ƙasanta, ko kulochi ya ƙare, kuɗin gyaran ya fi kuɗin motar. Mazauna Landan kuma wani lokacin motar lafiyarta ƙalau, sai dai tun 29 ga Agusta 2023 da aka faɗaɗa ULEZ, wato yankin da ake cajin motoci masu yawan hayaƙi, zuwa dukkan unguwannin birnin, motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba, ko ta fetur da ba ta kai Euro 4 ba, fam 12.50 take biya duk ranar da ta fita. A Birmingham fam 8 ne. Shirin da Landan ta yi na biyan mutane su rabu da irin waɗannan motoci ya rufe tun Satumba 2024, kada wani ya ce maka ka jira shi.

To daga nan sai tunanin kyauta ya zo, kuma wannan halin namu abin alfahari ne. Baƙo ya sauka wata uku, yana tashi da asuba yana bin bas biyu, sai wani ya kira shi bayan sallar Juma'a ya damƙa masa makulli ya ce ga ta nan, Allah ya sa albarka. Matsalar ita ce a nan ake tsayawa, a rabu da godiya, babu wanda ya taɓa takarda, domin mai bayarwa yana jin kunyar ce wa ɗan'uwa zo ka sa hannu, mai karɓa kuma yana ganin tambayar takarda kamar raina kyauta ne.

A gida mota takan wuce hannu uku takardunta na ɗauke da sunan Alhajin da ya fara sayenta, ba abin da ke faruwa. A nan kuwa hukumar rajistar motoci ta DVLA da ke Swansea sunan mutum ɗaya ta sani a kan kowace lamba, wanda ke rubuce a jar takardar V5C da ake ce wa logbuk. Kyamarar hanya lamba kawai take ɗauka. Saboda haka tarar fakin, da ta shiga layin bas, da ta ULEZ wadda ke fam 180 (ta koma 90 idan an biya cikin kwana 14), duk gidan mai sunan za su nufa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta gudun wuce ƙima ce ta fi muni. 'Yan sanda za su aiko wasiƙa suna tambayar wa ke tuƙi a ranar, su ba ka kwana 28. Rashin amsawa laifi ne mai zaman kansa, makin laifi 6 a lasin da tarar da za ta iya kaiwa fam 1,000, alhali laifin gudun na asali fam 100 ne da maki 3. Wanda kuma bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki 6 kaɗai sun isa a soke lasinsa ya koma ɗan koyo. Yanzu haɗa wannan da yadda muke yawan tashi daga gida zuwa gida. Ka bar ɗakin da ka fara zama, ba ka sauya adireshin logbuk ba, wasiƙu suna ta taruwa a ƙofar wani, kotu ta yanke hukunci ba ka nan, ba ka ma san an yi ba sai masu karɓar bashi sun gano sabon gidanka. Idan kamfanin fakin mai zaman kansa ne ya kai ka kotun bashi, hukuncin yakan zauna shekara shida a rajista muddin ba a biya cikin wata ɗaya ba, kuma dillalan gidan haya suna dubawa. Fom ɗin sabunta biza da na zaman dindindin suna tambayar hukuncin kotu, har da na laifin tuƙi. Duk wannan a kan motar da ka bayar don Allah.

Abin takaici, gyaran abin bai kai minti goma ba, kuma kyauta ne. Ku zauna tare da wanda za ka ba, motar tana ajiye. Ka buɗe shafin gwamnati na GOV.UK, sashen sanar da DVLA an sayar ko an miƙa mota, ka sa lambar motar da lambobi 11 da ke jikin logbuk, ka rubuta cikakken sunansa da adireshinsa. Kyauta da sayarwa hanyarsu ɗaya. Imel na tabbatarwa zai shigo nan take, ka adana shi. Ka yage ɗan koren ɓangaren logbuk na sabon mai mota ka cike ka ba shi, sauran takardar ka lalata ta, tasa sabuwa za ta zo masa ta gidan waya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa masa logbuk ɗin gaba ɗaya a ce ya aika da kansa. Zai manta, ko ya ga inshora ta yi tsada ya ce bari ya ɗan jira, kuma alhakin sanarwar a wuyanka doka ta ɗora shi. Idan logbuk ɗin ya ɓata, fam 25 ake biya a sake wani, ka jira ya zo kafin ka ba da motar.

Bayan haka ku rubuta 'yar takarda kwafi biyu: lambar mota, mil nawa ta yi, sunayenku, kwanan wata da ƙarfe nawa aka miƙa, kowa ya sa hannu. Lokacin yana da amfani, don tarar da aka ci da yammacin ranar ba za ta zama abin musu ba. Wanda ya ji haushin wannan takarda, ka yi masa bayani sau ɗaya, in bai gamsu ba ka riƙe makullinka.

Harajin hanya ba ya bin mota tun Oktoba 2014. Da ka sanar, naka ya mutu, DVLA za ta aiko da cek na cikakkun watannin da suka rage zuwa adireshin da ke logbuk, wanda wannan ma dalili ne na gyara adireshin tukuna. Shi kuma sabon mai motar dole ya biya nasa da lambobi 12 na koren ɓangaren kafin taya ta juya. Maganar "ai akwai sauran wata biyar a kanta" ba ta da tushe.

Inshora ta fi haraji rikitar da sababbin zuwa. A nan ana yin ta ne a kan direba da motar tare, don haka taka ba ta rufe shi ba. Idan ya ja motar ba tasa, fam 300 ne da maki 6, 'yan sanda kuma suna iya kwashe motar a wurin. Kai ma da ka bar shi ya tuƙa ba inshora alhali motar tana hannunka, laifin ya shafe ka. Kada kuma ka bar taka tana gudana wai don ka taimaka masa ya kai ƙarshen wata: in ya yi hatsari ana iya tilasta wa kamfanin naka biyan wanda aka ji wa rauni, kamfanin kuma ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Ka kira su ranar da ka miƙa motar, ka soke ko ka mayar kan sabuwar motarka. Dakatar da cirar kuɗi a banki ba sokewa ba ne, domin biyan wata-wata bashi ne ka ci, za a rubuta ka cikin waɗanda suka ƙi biya. Ka kuma nemi shaidar shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba, wadda ke rage maka kuɗin inshora, yawancin kamfanoni suna karɓarta har shekara biyu. Sai ka tuna ka cire lambar daga asusun biyan ULEZ na kai-tsaye, da na kuɗin tsallaka gadar Dartford, da izinin fakin na unguwa, in ba haka ba katinka zai ci gaba da biya wa wani.

Tambayi wanda za ka ba lasinsa, ba rashin kunya ba ne. Lasin Najeriya ko Nijar ko Gana wata 12 yake aiki daga ranar da mutum ya zama mazauni, kuma ba a musanya shi da na nan. Bayan haka sai lasin koyo da jarrabawa. Da yawa suna shekara biyu suna yawo da na gida suna cewa ai bai ƙare ba.

Sannan a duba ko motar ta cancanci kyauta ma. Dokar hanya ta 1988 ta hana sayarwa ko bai wa wani motar da ba ta da lafiyar hawa titi. Motar da ta faɗi MOT a kan birki ko ruɓewar shasi, in ka ba mai ƙaramin albashi ka ɗora masa kaya ne kawai. Gwajin ba ya wuce fam 54.85. Ka kai ta, in ta ci ka ba shi da sabuwar shaida, in ta faɗi ka nuna masa takardar ya gani da idonsa. Tarihin gwajin kowace mota yana intanet kyauta, lamba kawai ake sawa. Motar da ake kan biyan bashinta kuwa yawanci ta kamfanin bashin ce har sai an gama, ko da sunanka ne a logbuk.

Idan ta mutu murus, sai 'yan gwangwan, amma masu lasisi, waɗanda ake kira ATF. Jerinsu yana shafin gwamnati, ka sa lambar unguwarka ka ga na kusa. Yawancinsu za su turo janwe, kuma hakan ya fi, don mota marar MOT ba a yarda a tuƙa ta ba sai zuwa gwajin da aka riga aka yi alƙawarinsa ko wurin gyara. Za su nemi katin shaida. Ka ba su logbuk amma ka cire ɓangaren nan mai ruwan ɗorawa na miƙa wa 'yan kasuwar mota, ka sanar da DVLA da kanka, rashin yin haka tarar fam 1,000 ne. Cikin kwana bakwai su ba ka shaidar an lalata motar. Kuɗin kuma ta banki ko cek za su biya, saboda doka ta hana sayen ƙarfen gwangwan da kuɗi a hannu. Duk wanda ya manna maka kati a gilashi, ya zo da daddare da kuɗi a aljihu yana cewa bar takarda zai ji da ita, ka sallame shi. Irinsu sukan cire tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, su yar da gangar jikin a wani lungu, ko su lallaɓa ta su sayar, sunanka na nan a kai. Kai ma kada ka fara cire injin ko giya ko tayoyi don sayarwa daban, in muhimman sassa sun ɓace wurin yana iya cajinka maimakon ya biya ka.

Masu son ladan sadaka suna da hanya biyu. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar mota kyauta, su yi gwanjonta ko su kai ta gwangwan, su cire kasonsu, su miƙa ragowar ga ƙungiyar agajin da ka zaɓa. Ka tambayi nawa ne kason kafin ka amince, ka kuma duba lambar ƙungiyar a rajistar hukumar kula da ƙungiyoyin agaji. Sanar da DVLA har yanzu aikinka ne. Wanda ya ji 'yan'uwa na Amurka suna cewa ana rage musu haraji in sun ba da mota, ya sani wannan tsarin can ne. Hanya ta biyu ta fi auki: ka sayar da kanka, ka kai kuɗin masallaci ko gidauniyar da ke da rajista, ka cike fom ɗin Gift Aid, tsarin da ke mayar wa ƙungiyar agaji harajin da ka biya a kan kuɗin da ka ba ta. In kana biyan harajin da ya kai, gwamnati za ta ƙara musu fam 25 a kan kowane fam 100. Kwamitin masallaci ma zai fi son haka a kan a ajiye musu akwala a filin fakin ranar Juma'a.

Batun a tura ta gida kuwa, sitiyarinta a dama yake, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mai buƙatar sitiyari a hagu, tun 1972, Gana a 1974, Nijar dama can haka take. Kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na juya sitiyari sun ninka darajar motar. A bar maganar.

Saura masu cewa bari ta zauna a ƙofar gida har a samu mai so. Muddin tana kan titin gwamnati sai da haraji da inshora, ko ba ta motsi. Rashin inshora fam 100 ne tun daga wasiƙa, rashin haraji fam 80, bayan haka a sa mata ƙarfe a taya ko a ɗauke ta. Idan kana da gareji ko fili a cikin harabar gida, ka yi mata SORN, wato sanarwar cewa ta sauka daga titi, kyauta ne, a mayar maka da ragowar harajinka. Mai zaman haya ya tambayi mai gida tukuna, domin yarjejeniyar haya da yawa ta hana ajiye mota marar haraji a filin gidan. In kuma ka tashi ka bar ta a can, ƙaramar hukuma tana cin tarar fam 200 a kan yasar da mota, kotu kuma tana iya kai ta fam 2,500, ban da kuɗin janwe da na ajiya.