Yadda Ake Tarbar Sabuwar Shekara a Jirgin Ruwa a Singafo da Abincin Peranakan

Duk wanda daren 31 ga Disamba ya riske shi a Singafo, ko kasuwanci ya kai shi ko karatu ko hutu da iyali, zai ga yadda jama'a ke tururuwa zuwa Marina Bay domin kallon wasan wuta, har a rufe wasu tituna saboda cunkoso. Mai ƙananan yara ko dattijo a tare da shi ba zai ji daɗin wannan turmutsitsin ba, shi ya sa wasu suka gwammace su yi daren a kan ruwa. Samun jirgi bai kai samun abincin da ya dace wuya ba, musamman ga Musulmin da ke son ɗanɗana girkin Peranakan, kuma a kan abincin ne zan fi tsayawa.

Peranakan jikokin 'yan kasuwar Sin ne da suka zauna a Malaka da Penang da Singafo ƙarnoni da suka wuce, suka auri matan yankin, suka haifi al'ummar da ke da harshenta da suturarta da tukunyarta. Sunan ya fito daga kalmar Malay ta "anak", wato ɗa, ana kuma kiran mazansu Baba, matansu Nyonya, shi ya sa a allunan gidajen abinci za a riƙa ganin "Nyonya" a madadin Peranakan. Girkinsu ya haɗa dabarun Sinawa da kayan ƙamshin Malay. Tushensa shi ne rempah, wani haɗi na albasa da tafarnuwa da barkono da kurkum da wasu saiwoyi masu kama da citta, wanda ake dakawa a turmin dutse, a soya a hankali har mai ya taso. Suna kuma amfani da belacan, wato jatan lande da aka tsima aka busar, wanda aikinsa a tukunyarsu ya yi kama da aikin daddawa a miyar kuka.

Matakin farko shi ne takardu, kuma a fara su tun watan Oktoba ko Nuwamba. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Singafo, da katin shaidar rigakafin zazzaɓin shawara, sannan ya cike takardar isowa ta intanet cikin kwana uku kafin saukarsa.

Na biyu shi ne zaɓen jirgi, kuma a nan dole a fahimci yadda ruwan birnin yake. Tun da aka kammala madatsar Marina Barrage a 2008, Marina Bay da Kogin Singafo suka zama tafkin ruwan daɗi da aka raba da teku. Saboda haka jirage iri biyu ne, kuma kowane da ruwansa. Akwai ƙananan jiragen kogi masu siffar tsofaffin jiragen dakon kaya, waɗanda ke tashi daga wurare irin su Clarke Quay, su wuce Boat Quay da gadar Cavenagh, su fito gaban gunkin Merlion mai kan zaki da jikin kifi, zagayen da ke ɗaukar kimanin minti 40. Waɗannan su ne mafi sauƙin kuɗi kuma mafi kusa da gine-ginen birnin, sai dai ba a shimfiɗa liyafa a cikinsu, kuma jadawalinsu yakan canza a daren sabuwar shekara saboda shirin wasan wuta, don haka a tambayi kamfanin kai tsaye ko jirgi zai fita da tsakar dare. Akwai kuma jiragen shata da ke tashi daga matsayar Sentosa Cove ko ta Keppel Bay, waɗanda galibi ake ɗauka na awa huɗu, su kai mutane wajen tsibiran kudu kamar Lazarus da St John's. Su ba sa shiga cikin Marina Bay, daga teku ake hango wutar tana tashi bisa dogayen gine-gine. A ganina, iyali ko abokai da suka kai goma suka haɗa kuɗi, shata ta fi musu, domin su ke da iko da abin da za a ci da abin da za a kunna.

Kafin a ba da kafin alƙalami, a samu amsar tambayoyi huɗu a rubuce: mutum nawa jirgin ke da izinin ɗauka, ko akwai rigunan ceto na yara, ko an yarda a shigo da abinci daga waje, da kuma abin da zai faru da kuɗin idan ruwan sama ya hana fita. Tambayar ƙarshe tana da muhimmanci, domin Disamba na cikin watannin da aka fi ruwa a Singafo, kuma hadari kan taso da la'asar ba tare da dogon gargaɗi ba. Manyan jiragen da ke sayar da tikitin cin abincin dare sukan haɗa giya a cikin farashi don gaisuwar tsakar dare, saboda haka wanda ya zaɓi irinsu ya bincika tun da wuri.

Mataki na uku shi ne abincin, kuma a nan ake bukatar natsuwa. Girkin Peranakan na gargajiya yana da naman alade sosai, kuma ba kullum sunan abincin ke nuna hakan ba. Kalmar "babi" ita ce alade a harshen Malay, don haka babi pongteh ya bayyana kansa. Amma ayam buah keluak, wanda sunansa ke cewa kaza, a gidaje da yawa ana cusa niƙaƙƙen naman alade a cikin ƙwayar da ake dafa shi da ita. Itek tim miyar agwagwa ce, amma akan jefa mata ƙafar alade. Chap chye dafaffen ganyaye ne, kuma shi ma akan sa masa nama ko romon alade, haka bakwan kepiting, ƙwallayen ƙaguwa da ake cuɗawa da naman alade. Allon da ya ce babu alade babu kitsensa bai kai shaidar halal ba. Abin da za a nema shi ne takardar Majlis Ugama Islam Singapura, wadda aka fi sani da MUIS, hukumar da ke ba da shaidar halal a ƙasar, kuma gidan abincin da ke da ita yakan liƙa ta a bakin ƙofa. Gidajen Peranakan masu wannan shaida ba su da yawa, amma akwai su, kuma unguwannin Joo Chiat da Katong, inda tsofaffin gidajen Peranakan masu fenti kala-kala suke a titin Koon Seng, su ne wurin fara nema. A ba da oda aƙalla mako biyu kafin ranar.

Bayan halal, sai a duba wane abinci ne ke jure tafiya da girgizar ruwa. A nan girkin Nyonya ya taimaka, domin manyan miyoyinsu irin waɗanda ke ƙara daɗi ne idan sun huce sun kwana. Ayam pongteh, kaza da dankali da aka dafa da tsimammen waken suya da sukarin kwakwa, ba ta da yaji, yara ma za su ci. Ayam buah keluak kuwa ita ce sarauniyar teburin, kuma ya kamata baƙo ya san abin da yake ci. Ƙwayar keluak tana da guba idan ɗanya ce, sai an tafasa ta an binne cikin toka na kimanin kwana 40 kafin ta zama abinci, sannan mai girki ya jiƙa ta kwanaki, ya goge bawon, ya fasa bakinta, ya kwashe baƙin cikin ya daka da kayan ƙamshi, ya mayar cikin bawon ya dafa tare da kaza a romon tsamiya. Ana ɗebo cikin da ƙaramin cokali a cuɗa da shinkafa, ɗanɗanonsa mai ɗan ɗaci ne mai nauyi, kuma wanda ya saba da daddawa ba zai daɗe bai karɓe shi ba. Otak-otak, niƙaƙƙen kifi mai yaji da aka gasa cikin ganye, ya zo da naɗinsa, babu abin da ya fi shi sauƙin rabawa a jirgi.

Laksa fa, duk da ita ce ta fi suna, ban ba da shawarar a hau jirgi da ita ba. Taliya ce cikin romon madarar kwakwa mai zafi, kuma kwanon romo a hannun yaro a kan jirgin da ke tangaɗi hatsari ne, ga shi taliyar takan kumbura idan ta jima. A ci ta da rana a Katong, inda ake yanka taliyar gajeru a sha da cokali kawai. Kueh pie tee, ƙananan kofuna na soyayyen ƙullu da ake cikawa da dafaffen kayan lambu da jatan lande, ana iya tafiya da su idan an roƙi mai abinci ya raba kofunan daban cikin gwangwani mai murfi, a riƙa cikawa ana ci nan take, domin cikin 'yan mintuna suke yin laushi. Na zaƙi kuwa a ɗauki ondeh-ondeh, ƙananan curi masu launin kore da aka birkiɗa cikin kankararriyar kwakwa, waɗanda cikinsu narkakken gula melaka ne mai kama da mazarƙwaila. A gaya wa yara su sa curin gaba ɗaya a baki kafin su tauna, in ba haka ba zai fantsama a riga. Kueh salat, shinkafa mai danƙo a ƙasa da kore mai laushi a sama, shi ma yana tafiya lafiya.

Mataki na huɗu shi ne ɗaukar abincin. Nyonya suna da tingkat, kwanonin jere masu hawa-hawa da mariƙi, amma kula mai riƙe zafi ta fi dacewa da miya. Duk abin da ke da madarar kwakwa yana saurin lalacewa a zafin Singafo, don haka a karɓo oda da yamma gab da tafiya, a sa kayan zaƙi cikin akwatin sanyi, a kuma tambayi mai jirgi ko yana da wurin ɗumama abinci. A tanadi kwanoni masu zurfi maimakon faranti, da jakunkunan shara, domin ƙasar ba ta wasa da zubar da shara, a tudu ko a ruwa. Kada kuma kowa ya yi tunanin zuwa da abin fashewa na wasa, domin doka ta hana mutane harba wutar kansu tun 1972.

Na biyar shi ne tsara daren kansa. Magariba takan faɗi da ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, isha'i kuma kafin takwas da rabi, don haka wanda jirginsa zai tashi da tara yana iya sallatar duka biyu a tudu. Masallacin Omar Kampong Melaka, wanda aka kafa a 1820 kuma shi ne mafi daɗewa a ƙasar, yana kusa da Clarke Quay. Wanda salla ta riske shi a jirgi ya tuna cewa alƙibla a can tana yamma ne da ɗan karkata arewa, abin da kan rikita wanda ya saba fuskantar gabas. Mai saurin jin jiri ya sha maganinsa kafin ya hau, ya kuma zauna a sarari inda yake hango nesa. A ci babban abinci sa'ad da jirgi ya tsaya a ruwa mai kwanciya kusa da tsibiri, a kammala a rufe kwanoni kafin sha ɗaya da rabi, domin idan matuƙi ya nufi wurin kallo inda jirage ke yawa, igiyar ruwa takan ƙaru. Kayan zaƙi da shayi su jira tsakar dare. Singafo tana gaban Najeriya da Nijar da awa bakwai, saboda haka lokacin da wutar ta tashi, ƙarfe biyar na yamma ne a Kano da Damagaram, daidai lokacin da za a samu 'yan gida a waya su kalla tare.

Saura komawa masauki. Jiragen ƙasa na birnin sukan tsawaita aikinsu a wannan dare, amma matsayar Sentosa Cove tana da nisa da tasha, kuma motocin haya suna wuya da tsada bayan ƙarfe ɗaya, don haka a yi magana da direba tun da rana, a faɗa masa ƙofar da zai tsaya da lokacin da jirgi zai dawo. Wanda ya ga farashin Singafo ya fi ƙarfinsa yana iya bin wannan tsari a Malaka da ke Malesiya, inda jiragen kogi ke zagayen kimanin minti 45 a tsakiyar tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, sai dai a can abinci a tudu za a ci kafin a hau, kuma shaidar halal da za a nema a ƙofa ita ce ta hukumar JAKIM.