Kafin Ka Shiga Ɗakin Intabiyu a Abuja

Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani mai zaman kansa a Wuse, wato ina cikin masu zama a ɗaya gefen tebur da biro a hannu idan an kira masu neman aiki. Shi ya sa da zarar wani ɗan gida ko ƙanwar ƙawa ta samu saƙon gayyata, ni ake bugo wa waya: "Anti, me zan ce musu?" Nakan ce a dakata tukuna, akwai abubuwan da ke kayar da mutum tun bai buɗe baki ba.

Fara duba saƙon da kansa. Idan babu sunan kamfani, babu sunan muƙamin da ka nema, sai dai "an zaɓe ka, ka zo gobe ƙarfe takwas" da lambar wani shago a saman bene, to galibi masu neman 'yan tallan magani ne. Wanda kuma ya ce ka turo kuɗin fom, ko na gwajin lafiya, ko na riƙe maka gurbi, kuɗinka yake so. Saka sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga ko yana da rajista. Ke kuma ƙanwata, intabiyun da aka sa a ɗakin otal bayan magariba ba naki ba ne, kuma ko ina za ki, ki bar adireshin wurin a hannun wani a gida.

Sai takardu. Ka zo da na asali da kwafi biyu na kowanne: sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri ko difloma, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar haihuwa, ta asalin ƙaramar hukuma, lambar NIN, hotuna 'yan ƙanana, da CV ko da ka riga ka tura ta imel. A saka su cikin fayil na roba, domin ruwan Abuja ba ya sallama. Amma abin da na fi so ka yi shi ne ka shimfiɗa su a kan tabarma tun ana saura mako guda, ka karanta sunanka a kowace ɗaya. Mu 'yan Arewa nan ne ciwonmu. WAEC ta ce Mohammed, jami'a ta ce Muhammad, NIN ta ce Muhammed. Wata takardar ta sa sunan gari a ƙarshe, wata ta sa na kaka. Shekarar haihuwa a nan 1998, a can 1999. A wurinka duk kai ne, a wurin mai tantancewa mutum uku ne. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun da wuri. Matar da ta koma amfani da sunan miji, ta haɗa da sanarwar canjin suna da aka buga a jarida.

Hanya kuwa, kada ka yarda da lissafin ranar Lahadi. Mai tasowa daga Mararaba ko Nyanya ya san abin da gangaren Kugbo ke yi wa mutane da safiyar Litinin, haka na Kubwa da na Lugbe kowa da nasa cunkoson. Babu ɗan acaɓan da zai cece ka a tsakiyar birni, an hana su tun 2006. Kuma ka karanta adireshi da kyau: Wuse 2 daban, Wuse Zone 2 daban, Garki 2 ba ita ce Area 2 ba. Na sha ganin wanda ya iso jiƙe da gumi saboda wannan kaɗai. In da hali, je ka ga ginin ana gobe. Ranar kuma ka shiga mota a tasha, kada sauri ya jefa ka motar 'yan wan-cans, wato masu ɗaukar fasinja don su yi masa fashi. Ka karya kumallo sosai, ka riƙe ruwa da katin shaida saboda masu gadi, don sau da yawa kowa ƙarfe tara ake ce masa, amma wani sai bayan azahar za a kira shi.

Tufafi ba abin dogon zance ba ne. Kaftani mai guga da hula ya wadatar a Abuja, haka kwat ga mai ita. Babbar riga a bar ta sai ɗaurin aure. Atamfa ko abaya da mayafi ko hijabi mai tsabta, babu mai cewa komai. A rage turare, ɗakin ƙarami ne kuma a rufe yake. Waya a kashe ta gaba ɗaya.

Yanzu ga inda na fi jin takaici. An rene mu a kan kada yaro ya kalli babba ido cikin ido, kada ya ɗaga murya, kuma yabon kai jahilci ne. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. Amma kwamitin da ke gabanka wataƙila Bayerabiya ce da Ibo da Tibi, kuma minti ashirin kawai suke da shi su san ka. Idan ka sunkuyar da kai kana magana ƙasa-ƙasa, ba ladabi suke rubutawa ba, "bai san aikin ba" suke rubutawa. Akwai wani saurayi da muka tambaya me ya yi a shekarar bautar ƙasa, ya ce, "Mun ɗan taɓa koyarwa." Shi ke nan, ya yi shiru. Sai da na yi ta jan sa da tambaya kamar mai jan guga, sannan ta fito cewa shi ya kwashe sakamakon ɗaliban makarantar gaba ɗaya daga rijistar takarda ya mayar cikin Excel, har ya koya wa malamai yadda za su ci gaba bayan tafiyarsa. Aikin da muke nema ke nan daidai. Da ba ni a wurin, da ya tafi da abinsa a ciki.

Faɗin abin da ka yi ba fariya ba ce, shaida ce kake bayarwa. Don haka ka shirya labarai uku daga rayuwarka, kowanne ya nuna matsalar da aka samu, abin da kai ka yi, da abin da ya biyo baya. Ba dole sai aikin ofis ba. Idan ka riƙe wa kawunka shago a Kasuwar Wuse, ka faɗi yadda kake rubuta bashi da yadda kake gane kaya sun kusa ƙarewa. Idan ke ce ma'ajin ƙungiyar ɗalibai, ki faɗi nawa ya bi ta hannunki da yadda kika ba da lissafi. Kuma a bar "mun yi" a inda "na yi" ce gaskiya.

Tambayar farko kusan kullum ita ce ka gabatar da kanka. Kada ka faro daga garin da aka haife ka da firamaren da ka yi. Abin da ka karanta, abin da ka iya, da dalilin da ya sa wannan aikin ya dace da kai, cikin minti biyu. Da Turanci za a yi, saboda haka ka faɗe shi da baki, ba a zuci ba: ɗauki muryarka a waya ka saurara, ko ka sa yayarka ta zauna ta yi maka tambayoyi tana ɗaure fuska. Kada karin harshenka ya dame ka, kowa a teburin da irin nasa. Ka dai buɗe murya. Ka kuma san me wurin ke yi; wanda ya zo kamfani bai san abin da suke sayarwa ba ya gama da kansa. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo shi. Idan ka rubuta a CV cewa ka iya kwamfuta, ka sa ran za a tura maka ita gabanka a ce bismilla.

Abu biyu da suka shafe mu musamman. Idan ba ka musabaha da mata, ko ba kya yi da maza, ɗora hannu a ƙirji da murmushi da gaisuwa tun daga bakin ƙofa, kafin wani ya miƙo nasa ya ji kunya. Idan kuma ka ga Bahaushe a kwamitin, ya ce maka sannu da zuwa, amsa a taƙaice ka koma Turanci. Kada ka juya gare shi da "ranka ya daɗe, a taimaka, ni ne babba a gidanmu." Ka ɗaure masa hannu ke nan, domin ko ya so ya ba ka maki, sauran sun riga sun sa masa ido.

Batun albashi, "duk abin da kuka bayar" ba amsa ba ce. A aikin gwamnati babu ciniki, mai digiri mataki na 8 yake farawa. A kamfani kuwa ka zo da lissafinka: kuɗin mota na wata daga inda kake, abincin rana, haya. Ka tuna mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, ɗan bautar ƙasa ma 77,000 yake karɓa. Ka tambaya ko adadin da aka faɗa kafin cire-cire ne ko wanda zai shigo asusunka, domin akwai haraji, kuma dokar fansho ta 2014 tana cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10. Tambayi inshorar lafiya da tsawon watannin gwaji.

Kafin ka tashi, ka nemi sanin yaushe za a ji sakamako kuma ta wace hanya. Idan lokacin ya wuce shiru, tura imel guda mai ladabi zuwa adireshin da aka gayyace ka da shi. Kada ka nemo lambobin 'yan kwamiti kana kira da daddare, kuma ka roƙi kawu ya bar zuwa ofis gaishe da manaja.